Akwai Gajimare, Ermelinda?

Litinin, 4 ga Satumba, ƙarfe shida da rabi na safe

Yau ma ya tambaya. Ko ƙafa ban sa a ƙasa ba na ji muryarsa, fuskarsa na kallon bango: "Ermelinda, akwai gajimare?"

Na hau tsanin nan mai kuka, na tura tagar rufi, na leƙa wajen mashigar teku yadda ya koya mini. Na ce babu. Ya ce babu ne, ko dai ban duba da kyau ba? Na ce to ya hau ya duba da kansa mana. Da na sani ban faɗa ba. Wannan bakin nawa shi zai kai ni wuta.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, Amândio bai taɓa tambayar kowa halin sama ba, shi ake tambaya. Kowace safiya Belmiro da Custódio, maƙwabtanmu a gonar gishiri, ba sa kwance kwale-kwale sai sun ce, "Kawu Amândio, ya ka gan shi?" In ya ce a ci gaba da jan gishiri, a ci gaba. In ya ce a baibaye tsibin gishiri da ciyawa, ruwa na tafe, ko rana na ƙuna sai an baibaye. Ba su san sirrinsa tagar nan ce ba. Kafin fitowar rana sama take faɗin gaskiya, da ta fito sai ta wanke fuska.

Tun watan Yuni ni ce nake hawa. Ranar da ya kai hannu zai ɗauki kofi ya kama iska, ranar muka fara. Ni in duba in faɗa masa, shi ya fassara, ya je bakin ruwa ya ɗaga kai sama ya yi ɗan jim, sannan ya yanke hukunci. Gishirin gida uku yana wuyana, kuma ban da mu biyu ba wanda ya sani.

Laraba, 6 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Mun yi faɗa a kan kalma. Na ce akwai ɗan fari-fari a sama. Ya ce, "Fari-fari ba magana ba ce, ke matar nan! Auduga ce, ko gashin tsohuwa, ko ɓawon kifi?" Na ce ni shekara talatin na yi ina tallar kifin sardin, ƙasa nake kallo kar in taka kashin kare, ba sama ba.

Ya sake bi da ni daga farko. Hazon safe da ya kwanta a kan ruwa ba komai ba ne, iskar arewa za ta share shi kafin goma. Abin tsoro shi ne siririn baƙin zare can ƙasa, kudu da hasumiyar fitila, ɓawon kifi a samansa, hasumiyar kuma ta matso kamar ka miƙa hannu ka taɓa. In na ga haka, kwana biyu ne ko uku ruwa ya sauko.

A gona ba ya buƙatar kowa. Ƙafarsa ta san kowace kunya, manjagara ta san hannunsa. Na gaya wa mutane likita ne ya ce in riƙa tafiya saboda kumburin ƙafa, shi ya sa nake bin sa.

Juma'a, 8 ga Satumba, da safe

Garau. Na gode wa Allah.

Asabar, 9 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Takardar ta zo. Wata biyar muna jiranta. Likitan ido a Coimbra, ranar Laraba ashirin ga wata, ƙarfe goma. 'Yarmu Graciete ce ta yi ta rubutu daga Faransa har aka samu.

Na karanta masa sau biyu. Ya ce, "Ashirin ga Satumba? Su likitocin nan ba sa cin gishiri ne?" Na ce ya je ya tambaye su. Ya ce bana rani ya makara, Yuli duk ruwa ne, tsibinmu bai kai kafaɗar na bara ba, kowace rana ɗaya ta zinariya ce. Da an baibaye an shafe da laka, shekara ta ƙare ke nan.

"In sama ta riƙe, zan je. In kin ga wani abu, ba inda za ni. Ban taɓa barin gishirina a buɗe ba."

Na ce in ka rasa wannan ranar sai bayan Kirsimeti. Ya ce to sai bayan Kirsimetin. Mai kantin magani ya gaya mini a asirce cewa irin wannan ba ya jira. Ban gaya masa ba.

Lahadi, 10 ga Satumba, bayan coci

Na kunna wa Santa Luzia kyandir biyu, na kuma yi wa waliyyin unguwarmu São Gonçalinho alkawarin kilo biyar na alewa da za a watso daga rufin cocinsa a Janairu. Kwana goma na rana kawai nake roƙo. Zulmira matar Belmiro ta gan ni a gaban Santa Luzia, ta ce, "Linda, ke da kike zura zare a allura ba tabarau, me ya haɗa ki da waliyyiyar ido?" Na ce gaisuwa ce kawai. Ta ce to, a gaishe ta.

Talata, 12 ga Satumba, ƙarfe uku

Custódio ya nuna can nesa ya ce, "Kawu, wancan jirgin wa ye ke shigowa?" Amândio ya juya wajen da ba nan ba. Na yi wuf na saki kwando, gishiri ya watse, na hau zagin kwandon da wanda ya saƙa shi da uwarsa. Suka yi ta dariya. Belmiro ya ce, "Kawu, ka mai da ita kasuwa, bakinta zai tsinke mana gishiri." Amândio ya ce, "Shekara arba'in nake neman mai saye, ko kyauta an ƙi."

Muka kama hanyar gida. Ya riƙe gefen zanen kafaɗata da yatsa biyu, ta yadda ba mai lura.

Alhamis, 14 ga Satumba, da safe

Hazo, ya tashi ƙarfe tara. Saura shida.

Asabar, 16 ga Satumba, da safe

Garau. Saura huɗu. Abinci ba ya shiga. Rediyo ta ce za a yi rana har ƙarshen wata, ya ce rediyo saman Lisbon take kallo, a kashe masa ita.

Litinin, 18 ga Satumba, ƙarfe shida da kwata

Na gan shi.

Siriri, baƙi, kudu da hasumiya, ɓawon kifi shimfiɗe a samansa. Hasumiyar ta matso har ina iya ƙirga jan zanenta. Na rufe ido na buɗe, yana nan. Na daɗe a kan tsani har ya kira sau biyu.

"Ermelinda! Kin mutu a can ne? Akwai gajimare?"

Na ce, "Garau."

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Kafin mu isa bakin ruwa rana ta goge komai. Belmiro ya ce, "Kawu, ya ka gan shi? Ni fa gwiwata tun jiya take yi mini tsegumi." Amândio ya ɗaga kai, ya yi jim ɗin nan nasa, ya ce, "Gwiwarka giya take nema. Zai riƙe har Juma'a, ku ja gishirinku." Belmiro ya yi dariya ya ce shi ke nan, abin da babba ya hango.

Ina tsaye ina jin su. Ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, ko ta kuɗin cefane. Gishiri dai ana yin wani baɗi, haka nake ta gaya wa kaina. Amma ba namu kaɗai ba ne. Custódio 'ya'ya biyar gare shi.

Wataƙila ban gani daidai ba. Ni me na sani? Mai tallar sardin ce.

Talata, 19 ga Satumba, ƙarfe shida da rabi

Zaren ya zama igiya. Daga kan gado ma ana jin kukan teku ta kudu, na yi ta ƙarar tukwane don kar ya ji.

Na sake cewa garau. Ya Maryamu uwar Yesu, ki rufa mini asiri.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na kasa. Da muka dawo na ce masa zan je aron albasa, na nufi gidan Zulmira. Na same ta tana yanka kabeji. Na ce, "Ki gaya wa Belmiro su yanko ciyawa, su baibaye gobe da asuba. Ruwa na tafe."

Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Kawu Amândio ne ya ce?"

Na ce a'a.

"To wa ya ce?"

Gaba kura, baya siyaki. In na yi shiru ba za su taɓa ciyawa ba, don maganata ba ta fi tasa ba. Na zauna a kan kujerarta na faɗa mata komai, kofi da tsani da taga da takardar Coimbra. Abin da ya roƙe ni da hawaye kar in gaya wa kowa, na zazzage shi a kan teburin kabeji.

Zulmira ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Linda, tun bikin São João na watan Yuni muka sani. Ya gaida tsumman da aka rataya a kan sanda, ya ce masa ina kwana Custódio. Kin ɗauka kwandon da kika yar rannan ya ruɗi wani? Belmiro ne ya ce kowa ya kama bakinsa, tunda idonki na aiki, kansa na aiki, ai ba abin da ya ragu."

Har na fara jin sanyi a raina, sai ta ce, "Amma jiya fa? Jiya me kika gani?"

Na gaya mata.

"Kika ce masa garau."

Na ce eh.

"Wato jiya da yau, kwana biyu cur da za mu yi baibaya a tsanake, kika zauna a kansu. Mu da muka yarda da idonki! Haba Linda." Ta kwance gyalen aikinta ta fita neman mijinta, ta bar ni da kabeji. Ko albasar ban ɗauko ba.

Laraba, 20 ga Satumba, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Rana ba ta ƙarya. Zan rubuta yadda ya faru.

Da safe ya tambaya, na ce garau, na uku ke nan. Muka zauna karin kumallo. Ya kai yatsa cikin kwanon gishiri zai barbaɗa a kan tumatir, sai ya tsaya. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya sake murzawa. Gishirin ya dunƙule, ya sha danshi. Na jira ya fashe. Sai ya goge hannu a wando ya ce in miƙo masa hularsa ta coci.

Sai da jirgin ƙasa ya bar garinmu Aveiro ya yi magana, a hankali don kar na kusa su ji.

"Tun yaushe?"

"Litinin."

"Su Belmiro fa?"

"Na gaya wa Zulmira jiya. Suna can suna baibaya."

"Da wane baki suka yarda da ke?"

Ya ce, "Duka kika faɗa?" Na ce duka. Na ce ai sun ma riga sun sani tun São João. Da na bar wannan a cikina. Na ga wuyansa ya yi ja har kunne. Na ce to me ya sa ka biyo ni, tunda ka gane tun a tebur? Ya ce, "Matar da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba ta yi uku a jere. Na ce bari in je in ji abin da ya tsorata ta haka." A haka muka isa Coimbra.

Likitar mace ce, yarinya, ba ta kai Graciete ba. Ta daɗe tana haska masa fitila. Abin da ta ce a kan idon hagu ba zan rubuta ba. Na dama za a yi masa aiki ranar tara ga Oktoba, ta ba da magani na ɗigawa. Ta ce, "Baba, da ka ƙara wata biyu da ba mu da abin tattaunawa." Na kalle shi ko zai juyo wajena, bai juyo ba.

Ruwan ya same mu a hanyar dawowa, wajen ƙarfe uku. Ya fara da ɗiga ɗaya-ɗaya a gilashi, sannan ya ɓarke. Amândio ya ɗora tafin hannunsa a kan tagar, bai ɗauke ba har muka sauka.

Alhamis, 21 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Belmiro ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗigar ruwa. Sun fara da tsibinmu, wai al'ada ce, na babba ake fara rufewa. Sannan nasa. Suna tsakiyar na Custódio ruwan ya sauko. Kashi ɗaya cikin uku ya narke ya koma inda ya fito.

Namu ko ƙwaya bai rasa ba. Da namu ne ya tafi da na fi samun barci.

Amândio ya saurara daga kan kujera, ya ce, "Na ji." Yau bai tambaye ni ba. Na ce ai ruwa ake yi, kowa na jinsa.

Juma'a, 22 ga Satumba, da safe

Bai tambaya ba.

Asabar, 23 ga Satumba, ƙarfe huɗu

Na haɗu da matar Custódio a gidan burodi. Na gaishe ta, ta tambayi mai burodi ko wani ya yi magana. Na cancanta. Amma da mijinta ne fa? Ita ba za ta yi ba? Oho, wataƙila ba za ta yi ba, wataƙila ni ce muguwa.

Yana barina in ɗiga masa magani, yana cin abin da na dafa, har na gode yake cewa. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa ce mini na gode ba sai yanzu, kuma na tsani kalmar.

Lahadi, 24 ga Satumba, da safe

Ruwa ya ɗauke. Na hau na duba duk da haka. Na sauko na tsaya a bakin gado ina jira. Bai tambaya ba.

Litinin, 25 ga Satumba, da safe

Na ce masa, ba tare da ya nema ba, "Iska ta koma arewa." Ya ja bargo.

Zan iya zama da makaho. To, ga shi na rubuta kalmar. Abin da ba zan iya ba shi ne zama da mutumin da ba ya yarda da ni ko a kan abin da ke saman kansa.

Talata, 26 ga Satumba, ƙarfe bakwai na yamma

Na sauko daga tsani na tarar ya sa kayan aiki. Bai ce komai ba sai, "Mu je." A titi bai kama gefen zane da yatsa biyu ba. Ya ɗora hannunsa gaba ɗaya a kafaɗata, muka ratsa unguwa haka, mata na leƙe ta taga.

Su biyun suna bakin ruwa. Belmiro, saboda sabo, ya ce, "Kawu Amândio, ya ka gan..." sai ya haɗiye sauran.

Amândio ya ce, "Ban gan shi ba, Belmiro. Tun Yuni ban gan shi ba, kun kuma sani, na gode da kuka bar tsoho ya yi wasansa. Custódio, kana nan?"

"Ina nan, Kawu."

"Da bakina na ce maka zai riƙe har Juma'a. Yau za a buɗe tsibina, a kwashe abin da ruwa ya ci maka a mayar a naka."

Custódio ya ce a'a, ba a haka, wa ya taɓa buɗe tsibin da aka shafe da laka a ƙarshen Satumba? In ruwa ya dawo ana tsakiyar aiki, duka biyun za a rasa, aikin yini guda ne cur. Belmiro ya ce gaskiya ne, sai an tabbatar da sama tukuna.

Amândio ya ce, "To bari mu tabbatar." Ya juyo da fuskarsa wajena, a gabansu, da ƙarfi yadda har masu wanki suka ji.

"Ermelinda, akwai gajimare?"

Custódio ya kalli ƙasa ya tofar da yawu. Na ce, "Akwai. Auduga ce, guda huɗu ko biyar, can gabas kan duwatsu. Wajen mashiga ba zare, ba ɓawon kifi. Hasumiya ta koma nesa, da ƙyar na ga kanta. Hazo kaɗan a kan ruwa, iska daga arewa."

"Kin duba da kyau?"

"Sau uku na hau."

Ya yi jim ɗinsa, wannan karon bai ɗaga kai sama ba. Ya ce, "Ku buɗe."

Custódio ya ce, "Kawu, a kan maganarta?"

Ya ce, "Gishirina ne, matata ce. Kawo cebur."

Sun fasa lakar ƙarfe takwas. Na ɗauki kwando tare da su, amma rabin aikin kaina na sama, har Zulmira ta ce in ban kula ba zan faɗa cikin fangali a jiƙa ni a sayar. Ita ce maganar farko da ta yi mini tun rannan. Wajen ƙarfe biyu wani ɗan girgije ya taso ta yamma. Na je na gaya masa tun bai tambaya ba, girmansa da launinsa da inda ya dosa. Ya ce, "Wannan ɗan yawo ne, bar shi." Ya wuce.

An gama shafe tsibi na biyu ƙarfe shida saura. Ko ɗigo bai sauka ba. Matar Custódio har yanzu ba ta gaishe ni ba.

Wuyana ya ƙage, ba na iya juya shi. Da na kawo miya ya ɗanɗana ya ce ba gishiri, a gidan mai gishiri, wannan wace irin mace ce. Bai ce na gode ba.

Ya ce gobe in tashe shi kafin in hau, zai riƙe mini tsanin.